Na'urar Gano Hayaƙi: Wadda Za a Saya da Inda Za a Kafa Ta a Gida

Mafi yawan mutanen da gobara ke halakawa a cikin gidaje ba harshen wuta ne ke kashe su ba. Hayaƙi ne ke riga wutar isa gare su, kuma sau da yawa yakan tarar da su ne suna barci. Masu aikin kashe gobara da likitoci sun daɗe da sanin haka, shi ya sa aka ƙirƙiro wata ƴar ƙaramar na'ura, wadda faɗinta bai wuce na murfin kwanon sha ba, wadda kuma aikinta ɗaya ne tak: ta ji hayaƙi tun yana kaɗan, ta yi kururuwar da za ta tayar da mai barci. Ƙungiyar Kare Gobara ta Amurka, wadda aka fi sani da NFPA, ta nuna a rahotanninta cewa haɗarin mutuwa a gobarar gida yakan ragu da kimanin rabi idan akwai irin wannan na'ura mai aiki, kuma kusan uku daga cikin kowane mutum biyar da gobara ta kashe a gidajen ƙasar, a gidajen da babu na'urar suka mutu, ko kuma akwai ta amma ba ta aiki.

Sai dai na'urar ba ta da ƙafar da za ta je ta nemo hayaƙi. Tilas hayaƙin ne zai zo ya same ta inda take. Saboda haka wanda ya fahimci yadda hayaƙi ke tafiya a cikin ɗaki shi ne zai san wadda ya kamata ya saya da inda ya kamata ya kafa ta. Wannan kuwa magana ce ta kimiyyar da ake koyarwa a azuzuwan sakandare: zafi da nauyin iska, haske, sauti, da ƙwayar zarra.

Me ya sa hanci ba ya wadatarwa?

Hayaƙi haɗin abubuwa uku ne: ƙananan ƙwayoyin baƙin toka da ba su gama ƙonewa ba, da ɗigon ruwa-ruwa masu kama da kwalta, da kuma iskoki iri-iri waɗanda ido ba ya gani. Mafi sharri daga cikin iskokin ita ce kabon monoksaid, wadda ke samuwa duk lokacin da abu ya ƙone ba tare da isasshiyar iskar oksijin ba. A cikin jinin ɗan Adam akwai sinadarin himogulobin, wanda ke ɗaukar oksijin daga huhu ya kai wa sauran jiki. Kabon monoksaid tana manne wa wannan sinadari da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, don haka ko kaɗan ce a cikin ɗaki, a hankali sai ta mamaye jinin, ƙwaƙwalwa ta rasa abincinta. Mai barci ba ya farkawa. Barcin ne ke ƙara nauyi har ya zama suma. Idan kuma abin da ke ci katifar soso ce ko kujerun falo masu soso, to akwai ƙarin wata guba mai suna haidurojin sayanaid, wadda ke hana ƙwayoyin jiki amfani da ɗan oksijin ɗin da ya rage.

Mutane da yawa suna zaton warin ƙauri zai tashe su. A shekarar 2004 wasu masana biyu na Jami'ar Brown ta Amurka, Mary Carskadon da Rachel Herz, sun gwada wannan zato. Sun riƙa busa wa masu barci ƙamshin na'a-na'a da kuma wani sinadari mai mugun wari da ake kira firidin, sai suka tarar cewa da zarar barci ya yi nauyi, wari ba ya tayar da mutum yadda za a dogara da shi, alhali ƙara tana tayarwa. Da Hausawa suka ce barci ƙanin mutuwa ne, hanci yana cikin gaɓoɓin da suka fi gaskata maganar.

Sai kuma batun lokaci. A gwaje-gwajen da aka yi a Amurka a 1975, inda aka cinna wa gidaje na gaske wuta da gangan, an ƙiyasta cewa mazauna gida suna da kimanin minti 17 na tserewa bayan na'ura ta yi ƙara. Da Cibiyar Ma'aunai da Fasaha ta Amurka, wato NIST, ta sake irin wannan gwaji ta fitar da rahoto a 2004, sai lokacin ya dawo kimanin minti 3 a gobara mai harshe. Babban dalilin shi ne kayan ɗaki sun canza: inda a da auduga ce da katako, yanzu soso ne da roba da leda, waɗanda ke ci da sauri kamar an zuba musu mai. Wannan canji bai tsaya a Amurka ba. Ɗakin da a da tabarma ce da katifar rimi ko ta ciyawa, yau katifar soso ce, da labulen roba, da ledar ƙasa, da kujerun kushin.

Iri biyu, da yadda kowace ke aiki

Na'urorin da ake sayarwa don gidaje iri biyu ne. Ta farko tana aiki da cajin lantarkin da ke cikin iska. Kowace ƙwayar zarra tana da cibiya mai caji irin na alamar ƙari da ke jikin batir, da kuma ƙananan ƙwayoyi masu cajin alamar ragi da ke kewaye da ita, waɗanda ake kira ilaktaron. Idan aka fizge ilaktaron ɗaya daga jikinta, sai ta zama abin da ake kira ayon, wato ƙwaya mai ɗauke da caji. A cikin na'urar akwai wani ɗan akurki mai faranti biyu na ƙarfe da aka haɗa da batir, da kuma ɗan ƙwarya-ƙwaryar sinadarin amerisiyam-241, wanda nauyinsa bai kai kashi ɗaya bisa miliyan na giram ba. Wannan sinadari, wanda Glenn Seaborg da abokan aikinsa suka fara samarwa a Shikago a 1944, yana harba ƙwayoyin da ake kira alfa, kimanin 37,000 a kowace daƙiƙa. Su ne ke karo da iskar da ke tsakanin farantan su mayar da ita ayon, sai wata siririyar wutar lantarki ta riƙa gudana daga wannan faranti zuwa wancan. Idan hayaƙi ya shiga akurkin, ayon ɗin sai su manne wa ƙwayoyinsa, tafiyarsu ta yi nauyi, wutar da ke gudana ta ragu. Wannan raguwa ita ce ke sa na'urar ta yi ƙara.

Ana ba da labarin cewa tsautsayi ne ya gano wannan hanya. A shekarun 1930 wani masanin kimiyya na ƙasar Suwizalan, Walter Jaeger, yana ƙoƙarin ƙera abin da zai gano iska mai guba, amma allurar ma'auninsa ta ƙi motsi. Da ya gaji ya kunna taba, sai allurar ta motsa. Na'ura mai batir wadda ta dace da gida kuwa sai a 1965 Duane Pearsall da Stanley Peterson suka ƙirƙiro ta a Amurka, ba ta kuma bazu ba sai a tsakiyar shekarun 1970.

Kalmar sinadari mai fitar da tururin nukiliya takan tsorata mutane, amma ƙwayoyin alfa ba sa wuce ƴan santimitoci a cikin iska, kuma takarda ɗaya ta isa ta tare su. Muddin ba a fasa akurkin ba, babu abin da zai sami mazauna gida.

Ta biyu tana aiki da haske, kuma duk wanda ya taɓa share ɗaki da hantsi ya ga ƙa'idarta da idonsa. Hasken rana da ya shigo ta kafar taga ba a ganin hanyarsa a cikin iska mai tsabta, amma da zarar ƙura ta tashi sai ya bayyana kamar sanda, domin ƙwayoyin ƙurar suna warwatsa shi zuwa ko'ina, har wani ya faɗo cikin idon mai shara. Masanin kimiyya John Tyndall ya yi nazarin wannan a ƙarni na 19, shi ya sa ake danganta abin da sunansa. A cikin na'urar akwai baƙin akurki mai ƴar fitila a gefe ɗaya, da kuma wani idon lantarki mai jin haske da aka ajiye a karkace, yadda hasken fitilar ba zai faɗa masa kai-tsaye ba. Muddin iskar ciki tsabtatacciya ce, idon yana cikin duhu. Hayaƙi na shiga, sai ya warwatsa hasken, idon ya gani, ƙara ta tashi.

Bambancin da ke tsakaninsu ya samo asali ne daga girman ƙwayoyin hayaƙi. Wuta mai harshe, irin ta takarda ko ta man fetur, tana fitar da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai masu ɗimbin yawa, waɗanda mai aiki da ayon ta fi saurin ji. Wutar da ke ci a ɓoye ba harshe, irin ta guntun garwashin da ya faɗa kan katifa, ko wayar lantarkin da ta yi zafi tana narka robarta, tana fitar da manyan ƙwayoyi masu warwatsa haske sosai. A gwajin NIST, mai aiki da ayon ta riga ɗayar a wuta mai harshe da abin da bai wuce kimanin minti ɗaya ba, amma a wutar da ke ci a ɓoye mai aiki da haske ta riga ta da mintoci masu yawa, wani lokaci fiye da rabin sa'a.

Wacce za a saya?

Idan aka dubi abubuwan da ke jawo gobarar dare a gidajen wannan yanki, za a ga da yawansu a ɓoye suke farawa: maganin sauro na kunnawa da aka ajiye kusa da gefen katifa, kaskon turaren wuta da aka manta a ƙarƙashin tufafi, dutsen guga ko abin dafa ruwa da aka bari a kunne lokacin da aka ɗauke wuta ta dawo cikin dare, soket ɗin da aka jibga wa kaya fiye da ƙarfinsa. Don haka ga ɗakunan kwana da falo, mai aiki da haske ta fi dacewa. Tana da wata fa'idar kuma, ba ta cika yin ƙarar banza saboda ɗan ƙaurin girki ba kamar ƴar'uwarta. Faransa, wadda ta wajabta na'urar a kowane gida tun watan Maris na 2015, ba ta ma yarda a sa mai aiki da ayon a gidaje ba. Akwai kuma na'urorin da suka haɗa hanyoyin biyu a jiki ɗaya, ga wanda ya sami hali. Aibin mai aiki da haske ɗaya ne: ƙura da ƙananan ƙwari suna warwatsa haske kamar yadda hayaƙi ke yi, saboda haka tana bukatar shara akai-akai.

Kafin a biya kuɗi sai a juya bayanta a karanta. Ta ƙwarai tana ɗauke da lambar ƙa'idar da aka gwada ta a kai, EN 14604 ga ta Turai, UL 217 ga ta Amurka, da kuma ranar da aka ƙera ta. Wadda ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, komai kyan kwalinta, a bar wa mai ita. Araha ba ta ado. Haka nan ta gwanjo, domin ba a san shekarun da ta yi a silin ɗin wani ba. A kuma duba iyakar zafin da aka ƙera ta ta jure. Da yawa daga cikin na Amurka an rubuta musu digiri 4 zuwa 38 ne a ma'aunin Salshiyas, alhali a watan Afrilu, a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, iskar da ke ƙarƙashin silin takan zarce haka da rana.

Game da abin da ke ba ta wuta, inda ake yawan ɗauke lantarki ba a dogara da wadda ke aiki da wutar gida kaɗai, sai in tana da batirin ajiya. Wanda aka kawo wa irin wannan tsaraba daga Amurka ya lura, nasu lantarkin bolt 120 ne, na Nijeriya da Nijar kuwa 220 zuwa 240. Mafi sauƙin sha'ani ita ce mai batirin litiyam da aka rufe a ciki, wanda ke kai shekara 10. Ba a canza shi, ba kuma wanda zai iya zare shi ya sa a rediyo ko tocila.

Hanyar da hayaƙi ke bi

Idan iska ta yi zafi sai ta buɗe, nauyinta ya ragu. A digiri 20, iskar da ta cika akwati mai tsawo da faɗi da zurfin mita ɗaya-ɗaya tana da nauyin kimanin kilo 1.2. A digiri 300 nauyin yakan dawo kusan kilo 0.6, wato rabi ke nan, kamar yadda ɗalibi zai iya tabbatarwa da dokar Charles idan ya raba 293 da 573. Saboda wannan rashin nauyi, hayaƙi mai zafi yakan miƙe sama har ya bugi silin, daga nan ya bazu ta kowane gefe kamar ruwan da aka zuba a tsakiyar faranti, sannan ya fara taruwa yana saukowa ƙasa. Ɗaki daga sama yake cika da hayaƙi, sabanin randa da ke cika daga ƙasa. Wurin da ya fi dacewa da na'ura ke nan shi ne silin, kusa da tsakiyar ɗaki.

Amma ba ko'ina a silin ba. A kusurwar da bango ya haɗu da silin akwai iskar da ke tsaye ba ta motsi, wadda hayaƙi kan kauce wa da farko. Ƙa'idar Ingila ta ce a nisanta na'urar da bango da kuma fitilar ɗaki da aƙalla santimita 30. Idan ba yadda za a yi sai a bango, to a kafa ta tsakanin santimita 15 zuwa 30 ƙasa da silin, sama da kan ƙofa da taga. A rufi mai tozo, ƙa'idar Amurka ta ce a sa ta cikin santimita 90 daga ƙololuwa, amma a bar santimita 10 na can cikin tsinin.

Fanka babbar matsala ce da littattafan ƙasashen sanyi ba su cika tsayawa a kanta ba, ga shi kuma ita ce ta riga ta mamaye tsakiyar silin a yawancin ɗakunan birane. Iskarta tana tarwatsa hayaƙi ta tsinka shi kafin ya taru. Sai a matsa gefe, a bar aƙalla santimita 90 tsakanin na'urar da bakin fiffiken fankar, ba kuma tare da an shiga cikin santimita 30 ɗin nan na jikin bango ba. A ƙaramin ɗaki wannan yakan bar wuri kaɗan ƙwarai, don haka sai an auna da awo, ba da ido ba. Haka za a nisanta ta da bakin na'urar sanyaya ɗaki da kuma tagar da ake bari a buɗe.

Ɗakin da ke da rufin kwano ba silin yana da tasa matsalar. Kwanon da ya sha rana yakan tara zazzafar iska a ƙarƙashinsa, hayaƙin ƙaramar wuta kuwa yakan huce kafin ya kai sama, sai ya kasa ratsa wannan iska da ta fi shi zafi, ya tsaya a ƙasanta ya bazu. Na'urar da aka liƙa a jikin kwanon za ta kasance a saman hayaƙin, ba ta ji ba ta gani. A irin wannan ɗaki gara a kafa ta a saman bangon da rana ba ta duka, ko a ƙasan katakon da ya gitta ɗakin. Soro mai rufin azara ba shi da wannan damuwa, domin ƙasar da ke kansa tana tare zafi.

Ɗakuna nawa?

Ƙa'idar Amurka ta ce a sa ɗaya a cikin kowane ɗakin kwana, ɗaya a bakin ɗakunan kwanan daga waje, da aƙalla ɗaya a kowane hawa na bene, musamman a saman matattakala, domin matattakala ita ce bututun da hayaƙin ƙasa ke bi ya hau. Wannan tsari ya dace da gidan da ɗakunansa duka ke ƙarƙashin rufi ɗaya suna buɗewa cikin falo ko korido, irin gidajen ma'aikata da na sababbin unguwanni. A nan, wanda kuɗinsa bai wuce na guda ɗaya ba sai ya fara da koridon da ke tsakanin ɗakunan kwana da sauran gida, kada ta wuce mita 3 daga ƙofofin.

Gidan gargajiya kuwa lissafinsa daban ne. Kowane ɗaki tsakar gida yake kallo, hayaƙin da ya fita daga ɗakin uwargida sama zai yi, ba zai taɓa isa na'urar da ke turakar maigida ba. A irin wannan gida kowane ɗakin da ake kwana a ciki gida ne mai zaman kansa, yana bukatar tasa. Idan ba za a iya saye gaba ɗaya ba, a fara da ɗakin yara, da na tsofaffi, da duk wanda ake kwana da wani abu a kunne. A jerin ɗakunan haya da ke ƙarƙashin kwano ɗaya kuma, sau da yawa bangon da ya raba su a silin ya tsaya, saman a buɗe yake daga wannan ƙarshe zuwa wancan, wuta takan bi ta nan ta faɗo wa maƙwabci.

Dalilin da ya sa guda ɗaya ba ta isa babban gida yana cikin ilimin sauti. Ana ƙera na'urar ta ba da ƙarar da ta kai desibel 85 a nisan mita 3. A fili, duk lokacin da nisa ya ninka sau biyu ƙara takan ragu da desibel 6: a mita 6 ta zama 79, a mita 12 ta zama 73. Rufaffiyar ƙofa takan cinye wasu 10 ko fiye. Abin da ake bukata a kan matashin mai barci kuwa kimanin 75 ne. Ga ƙugin fanka, ga janaretan maƙwabta. Maganin wannan shi ne na'urori masu magana da juna, ta waya ko ta iska, yadda idan ɗaya ta ji hayaƙi duka za su ɗauki ƙara tare. Tun watan Fabrairu na 2022 dokar Sukotilan ta wajabta irin wannan haɗi a kowane gida.

Ko da ƙarar ta kai, ba kowa take tayarwa ba. Dorothy Bruck ta Jami'ar Victoria da ke Ostireliya ta buga wani bincike a 1999, inda aka kunna ƙarar na'ura cikin dare a gidajen wasu iyalai. Manya duka sun farka, amma 17 daga cikin yara 20 masu shekara 6 zuwa 17 sun ci gaba da barcinsu. Binciken da ya biyo baya ya nuna sauti mai kauri, mai kaɗawa 520 a daƙiƙa, ya fi tayar da yara da masu raunin ji a kan siririn sautin da aka saba da shi mai kaɗawa kimanin 3,000. Saboda haka kowane yaro da kowane tsoho a gida ya kamata a san babban da zai je ya tashe shi.

Kicin, turare da hunturu

Babban abokin gaban na'urar shi ne maigidan da ta dama da ƙarar banza har ya zare batirinta. Yawanci laifin wurin da aka kafa ta ne. Ba a sa ta a cikin kicin, kuma a nisanta ta da risho ko murhu da aƙalla mita 3, da ƙofar banɗaki mai tururin ruwan zafi da kimanin mita 1. Abin da ake sa wa a kicin shi ne na'urar jin zafi, wadda ba ruwanta da hayaƙi, sai iskar silin ta kai kimanin digiri 58 take ƙara. Ba ta da saurin ta hayaƙi, don haka ba a sa ta a ɗakin kwana. Inda ake girki da itace a tsakar gida, sai a lura kada na'urar ɗaki ta kasance dab da ƙofar da hayaƙin murhu ke kutsawa.

Turaren wuta zai sa ta yi ƙara, kuma gaskiyarta ne, hayaƙi ta ji. A nemi mai maɓallin da ake dannawa ta yi shiru na ƴan mintoci sannan ta koma aiki da kanta. Ɗaure mata leda a ka hanya ce mai haɗari, domin ranar da aka manta ba a kwance ba, ranar gidan ba shi da mai gadi. Da hunturu kuma, lokacin da komai ya bushe gobara ta fi yawa, lokacin ne ƙura ke cika akurkinta, sai a riƙa share kafofinta da burushi mai laushi kowane mako biyu ko uku. Ba a shafa mata fenti.

Abin da ba ta ji

Garwashin gawayin da ya kama sosai ba ya hayaƙin kirki, amma yana fitar da kabon monoksaid mai yawa. Iyalin da suka shiga da kasko ɗaki don jin ɗumi suka toshe ƙofa da taga, na'urar gano hayaƙi za ta iya yin shiru a kansu har gari ya waye. Haka abin yake ga janaretan da aka shigar korido ko ƙarƙashin matattakala saboda tsoron ɓarayi. Wannan iska ba ta da launi ba ta da wari, kuma na'urarta daban ce, mai lamba EN 50291 ko UL 2034. Nauyin ƙwayarta 28 ne, na iskar ɗaki kuwa kimanin 29, don haka gauraya take yi da iskar. A ɗakin kwana ana sa na'urarta daidai tsayin kan mai barci. Janareta kuwa wurinsa waje ne, kimanin mita 6 daga ƙofa da taga. Gas ɗin girki da ke yoyo daga tukunya shi ma na'urar hayaƙi ba ta jin sa, kuma da yake ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya.

Kula da ita, da ranar da ta yi ƙara

Ana danna maɓallin gwaji sau ɗaya a wata. Ba a gwada ta da ashana ko kyandir. Idan ta fara wani ɗan tsit-tsit kowane minti ɗaya ko ƙasa da haka, batirinta ne ya yi sanyi. Bayan shekara 10 daga ranar da aka ƙera ta, sai a sauya ta ɗungurungum. Ba ƙarewar amerisiyam ce ke jawo haka ba, domin sai bayan shekara 432 rabinsa ke narkewa, a shekara 10 kuwa fiye da kashi 98 cikin 100 yana nan. Ƙura da laima da tsufan kayan lantarkin ciki su ne ke rage mata ji.

Minti ukun da na'urar ta samar ba su da amfani idan a neman makulli za su ƙare. Gidaje da yawa tagoginsu ƙarafa ne, ƙofa kuma kwaɗo biyu ko uku. Makullin ya zama yana da wuri ɗaya da kowa ya sani, wanda hannu zai iya lalubowa a cikin duhu. Idan ƙara ta tashi, a fita da rarrafe, domin iska mai kyau a ƙasa take. A taɓa kowace ƙofa da bayan hannu kafin a buɗe, mai zafi a bar ta. A ja ƙofa a rufe bayan an fita don a hana wutar iska. A taru a wurin da aka riga aka yi alkawari a ƙirga kai. Kada kowa ya koma ɗauko kaya. Daga waje ake kiran masu kashe gobara, 112 a Nijeriya, 18 a Nijar.

Aiki a aji

Malami zai iya nuna ƙa'idar na'ura mai aiki da haske da kwalin takalmi. A shafe cikinsa da baƙin fenti ko a liƙa baƙar takarda, a huda kafa a gefe ɗaya a sa tocila mai siririn haske, a huda ta biyu a gefen da ke maƙwabtaka da shi, ba wanda ke fuskantarsa ba, don leƙawa. Ɗalibin da ya leƙa duhu zai gani. Sai malami ya kusanto da tsinken turare mai hayaƙi bakin wata kafa ta uku a ƙasan kwalin, ba tare da ya shigar da garwashin ciki ba, a sake leƙawa. Bayan haka kowane ɗalibi ya zana taswirar gidansu ko ta ɗakin kwanan makaranta da awon mita, ya nuna murhu da fanka da tagogi da wurin kwanan kowa, ya sa alama a inda kowace na'ura za ta zauna, sannan ya lissafa desibel nawa ne zai isa kan matashin wanda ya fi kowa nisa da ita idan ƙofarsa a rufe take.